Sifikun Corolla ta sun ishe ni da kuka: wufa zan saya ko me?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema. Corolla ce da ni ƙirar 2007, 'yar Amurka. Rediyonta na kamfani ne, CD kawai yake ci, babu Bluetooth babu wajen filas. Dabarar da nake yi, na sayi ɗan abin nan da ake sokawa a ramin kunna sigari, ya kama wayata ya jefa sautin a tashar FM. A cikin gari da sauƙi. Amma duk mako ina hanyar Kano zuwa Kaduna, da zarar na wuce Kwanar Dangora na taka mota, shi ke nan ba na gane abin da malam yake faɗa. In na ƙara murya sai ƙofar dama ta kama "firrr" kamar an cusa takarda a fanka. Na je wajen wani mai rewaya, ya ce in sayi wufa, babbar sifikar nan ta dukan ganga, mai wat 3000 da amfilifaya mai ƙara mata ƙarfi a jefa a but, magana ta ƙare. N250,000 na ware. Yawanci tafsiri da labarai nake ji, kiɗa sai in yara na ciki ko barci ya fara fizgata. In saya?

Sarkin Bes: Wa alaikumus salam. Alhaji saya kawai, kada ka tsaya jin dogon turanci. Motar da ba wufa ai keken ɗinki ce. Tawa inci 12 guda biyu ne a but, in na shigo layinmu tun daga bakin titi yara suke sanin na dawo.

Maman Ilham: Maƙwabta ma suna sani, Allah Ya ba su haƙuri.

Malamin Lantarki: Wa alaikumus salam. Baban Khalifa, kada ka sayi komai tukuna. Ka ce maganar malam ce ba ka ji. Wufa ba ta magana. Aikinta sautin da ke ƙasa da hez 80 zuwa 100 ne (hez ma'aunin kauri da sirantar sauti ne, ƙaramar lamba sauti mai kauri), wato bes, dukan nan da kake ji a ƙirji. Abin da ke sa kunne ya rarrabe kalma da kalma yana sama da haka nesa, kusan daga hez 300 zuwa 3,400, shi ya sa ma layin tarho na da iya nan yake ɗauka kuma ana fahimtar juna. Wannan sautin daga ƙofofin gaba yake fitowa. Ko wufa goma ka jera a but, tafsirin ba zai ƙara fitowa ba, sai ma ta danne ɗan abin da kake ji.

Matsalarka uku ce a yadda na fahimta, kuma ta farko ita ce abin sokawar nan. Sautin ya fito daga waya, an matse shi ta Bluetooth, an mayar da shi siginar rediyo mai rauni, sannan rediyon mota ya kamo shi tare da duk hayaniyar da ke iska. FM ko ta gidan rediyo ce ba ta wuce hez 15,000, balle ta ɗan abin da bai kai girman ashana biyu ba. Ruwan da aka ɗebo da gurɓataccen guga, ko a kofin zinare aka zuba shi gurɓatacce ne.

Baban Khalifa: To Malam, ta biyu da ta uku fa?

Malamin Lantarki: Ta biyu sifikar da ke kuka. Mota tun 2007, sifikun kamfani takarda ce da soso a gefe, ga zafinmu. A watan Afrilu ana haura digiri 40 a inuwa, ka ƙiyasta cikin ƙofar motar da ta wuni a rana. Soson ya daɗe da rududdugewa. Ta uku ƙofar kanta: gwangwani ne siriri mai ramuka, iska da ƙarar taya suna shigowa ta nan.

Ɗan Rewaya: Salam. Ni sana'ata ce wannan, shekara 14 ina yi, bari in kare ɗan'uwana da aka ce ya ce a sayi wufa. Wallahi mutum goma in suka zo, tara ba sa cewa "ina son in ji magana tas". Cewa suke "Oga ina son ta yi ƙara". In ka sa masa sifikun gaba masu kyau ka karɓi kuɗinka, gobe zai dawo ya ce bai ga aikin da ka yi ba, don bai ga akwati a but ba. Mun saba da haka, shi ya sa da mutum ya buɗe baki sai mu ce wufa. Amma gaskiya abin da Malam ya faɗa haka yake.

Sarkin Bes: Oga kai ma ka bi su? To wat 3000 ɗin fa, ƙarya ce?

Ɗan Rewaya: Ƙarya ce tsagwaronta, ƙanena. Fenti ne a jikin kwali.

Malamin Lantarki: Ga yadda za ka kama su ba tare da wata na'ura ba. Juya amfilifayar ka duba fis ɗin da ke jikinta. In mota na aiki wutarta tana wajen bolt 14. Ka ninka lambar fis ɗin da 14. Fis mai amfiya 20 ke nan wat 280, kuma wannan wutar da za ta iya shiga ce gaba ɗaya, wani kaso zai tafi a zafi. To ta ina 3000 za ta fito? Lambar da ake dubawa ita ce wadda aka rubuta RMS a gabanta, ita ce ƙarfin da abin zai iya riƙewa a ɗore. Wadda aka rubuta MAX ko PMPO ta talla ce. Ko rediyoyin kirki irin su Pioneer da Kenwood da Sony da ake rubuta wa wat 50 sau 4, ainihin abin da suke bayarwa bai wuce wat 14 zuwa 22 ga kowace sifika ba. Kuma wannan ɗin ya isa ya cika Corolla in sifikun na da kyau.

Sarkin Bes: Na fita na duba tawa yanzu. Fis biyu ne, 25 da 25. A kwali an rubuta 5000.

Malamin Lantarki: Amfiya 50 sau 14, wat 700 ke shiga in ta ƙure. Abin da zai isa wufa ƙila 500 da ɗoriya in mai kyau ce. Ba laifi, amma ina sauran 4,000 da wani abu?

Maman Ilham: Suna wajen mai shago, ka koma ka karɓo canjinka.

Direban Sharon: Ni tambayata daban ce amma kusa take. Fitilun motata suna lumshewa duk lokacin da ganga ta buga, da daddare abin har tsoro yake ba ni a hanyar Jos. An ce in sayi wani abu kamar gwangwanin maganin sauro, wai kafasita.

Ɗan Rewaya: Kafasita ba ta haifar da wuta, ajiya take yi na ƙiftawar ido. In altaneta ba ta ƙoshi ba, ba abin da za ta yi maka. Ka fara duba kan batir da wayar at, wato wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota. Sau da yawa za ka tarar an ɗaura at ɗin a kan fenti, ko a jikin notin kujera mai tsatsa. A kankare wajen da samfefa sai ƙarfe ya yi fari, wayar ta zama gajera kuma kaurinta ɗaya da ta wuta.

Malamin Lantarki: Ƙari a kan na Oga, ku yi lissafi kafin ku ɗora wa mota kaya. Amfilifaya mai wat 500 na gaskiya, ko irin mai tattalin wutar ce, tana iya jan amfiya 45 in an ƙure ta. Altanetar ƙananan motoci irin Corolla ta wancan zamanin wajen amfiya 80 take bayarwa, kuma a ciki za a ba injin, fanka, AC da fitilu. A gosulo injin yana sululu, ba ta ma kai hakan. Shi ya sa masu manyan wufa ba sa rabuwa da sayen batir.

Sarkin Bes: Batir biyu na canza bana, amma wannan ai jabu suka yi yawa a kasuwa.

Direban Sharon: Hhhh to Allah Ya kyauta.

Maman Ilham: Tunda ana maganar batir bari in ba da nawa labarin, ko wani zai tsira. Bara na sa allon Android ɗin nan a Matrix ɗita, don ina son kyamarar baya. Kwana uku da sawa, da safe zan kai yara makaranta mota ta ce ba ta san zance ba. Aka yi mata jan wuta. Washegari haka. Na sayi sabon batir, bayan kwana biyu shi ma ya kwanta. Sai da wani dattijon mai rewaya ya ciro allon, ya nuna min da idona: yaron da ya sa ya yanke soket ɗin motar gaba ɗaya, ya murɗe jar waya da ruwan ɗorawa waje ɗaya ya naɗe da salatif. Ashe allon ba ya mutuwa ko an zare makulli, fuskarsa ce kawai take yin duhu. Ga shi kuma sautin bai kai na rediyon da aka cire ba, wani ƙarfe-ƙarfe yake yi kamar ana magana a cikin bokiti.

Ɗan Rewaya: Hajiya sannu. Ruwan ɗorawar ita ce mai wuta kullum don rediyo ya riƙe agogo da tashoshi, ja kuma sai an murɗa makulli. Haɗe su aikin ragwanci ne. Baban Khalifa ka ji da kyau: kada ka bari kowa ya sa almakashi a wayar motarka. Akwai soket na Toyota da ake sayarwa, gefe ɗaya ya shiga na mota, ɗaya gefen a haɗa da na rediyo a kan tebur, a like da dalma. Akwai kuma firam ɗin dashbod na Corolla 2003 zuwa 2008, don rediyon kamfanin ba murabba'i ba ne. Ka duba Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, in kana Kaduna ka leƙa Panteka. Duk wanda ya ce maka babu, bai nema ba ne.

Baban Khalifa: To allon Android ɗin duk ba su da kyau ke nan? Don har na fara sha'awarsa.

Malamin Lantarki: Ba duka ba, amma masu arahar kuɗinsu a allo ya ƙare, ɓangaren sauti abin da ya samu aka sa. Kai da sauti ya dama, gara rediyo marar allo na kamfanin da aka sani, mai Bluetooth da wajen filas, wanda yake da abin tace sauti a ciki. Ka kula da jabu, don sunan Pioneer har a kan abin da Pioneer ba ta taɓa gani ba ana bugawa.

Na Maraɗi: Salamu alaikum mutanen Kano. Ina ƙara muku da wani abu da ya same ni. Na sayi rediyo na hannu, tsohon na Japan, sauti kamar me. Sai da aka ɗaura na ga lambobinsa daga 76 suke farawa su tsaya a 90. Tsofaffin rediyoyin da aka yi don cikin Japan haka suke, mu kuwa tashoshinmu daga 87.5 ne zuwa 108. In na shigo Kano ina kama Dala a 88.5, amma Freedom da ke 99.5 sai dai in ji labari. Duk mai sayen na Beljiyam ya sa a kunna masa ya murɗa har ƙarshe kafin ya biya.

Baban Khalifa: Kai, wannan da ban ji ba da na faɗa. Na gode mutumin Maraɗi. Yanzu sifikun, waɗanne zan saya? Wani ya ce in sa manyan nan masu siffar ƙwai a baya.

Ɗan Rewaya: Corolla ɗinka inci 6 da rabi ne a ƙofar gaba, masu ƙwan 6 da 9 a bayan kujera. Kowa baya yake fara canzawa don ta fi sauƙin kwancewa kuma ta fi cika ido.

Malamin Lantarki: Kuma kuskure ne. In ka je wajen wa'azi, malam a gabanka yake zama ko a ƙeyarka? Ka zuba kuɗin a gaba. Ka nemi irin waɗanda aka raba, babbar a ƙofa, 'yar ƙaramar twita a sama kusa da madubi ko gindin gilashi, da ɗan akwatin da ke raba musu aiki. Dalili, siririn sauti miƙe yake tafiya kamar hasken tocila. In twita tana ƙasan ƙofa, gwiwarka take yi wa karatu. Da an ɗago ta sama sai ka ji muryar ta dawo kan dashbod. Na baya in ba su yage ba ka bar su, ka ma rage musu murya kaɗan. Wajen saye ka duba wadda aka rubuta wa om 4, wato ma'aunin turjiyarta ga wuta, sannan ka duba lambar da ke nuna saurin amsawarta, wadda ake rubutawa da dB. Tunda ba amfilifaya za ka sa ba, mai 90 ko sama ta fi maka. Bambancin dB 3 daidai yake da ninka wat sau biyu, ka ga ke nan sifika mai saurin amsawa ta ba ka a kyauta abin da wani yake saya da batir.

Sarkin Bes: Duk na ji. Amma ku faɗi gaskiya, a kan titi da gudu 120, kalangu da ganga suna fita a sifikar ƙofa? Ba sa fita. Ƙarar taya tana cinye su. Ni ba karatu na yi ba amma kunnena ba ya min ƙarya.

Malamin Lantarki: A nan kam ka fi ni gaskiya. Gurnanin titi a ƙasa yake, wajen da bes yake, shi ya sa bes ne farkon abin da ke ɓacewa in an taka mota. Ban ce wufa haramun ba ce, cewa na yi ba da ita ake farawa ba. Kuma tana da wani amfani da ba a faɗa: in akwai ta, sai a tace wa sifikun ƙofa duk abin da ke ƙasa da hez 80, su huta da dambe da ganga su ji da murya kawai. Amma wannan ƙaramar inci 8 ta ƙarƙashin kujera mai amfilifayarta a ciki ta wadatar. Ba sai an cika but ba.

Sarkin Bes: Alhamdu lillahi, yau Malam ya ce na yi gaskiya. Admin a ajiye wannan saƙon.

Baban Khalifa: But ɗin ma ina buƙatarsa, buhun masara nake ɗorowa daga ƙauye.

Ɗan Rewaya: Wanda zai sa amfilifaya ko wufa, don Allah abu ɗaya nake roƙo: fis a kusa da batir, kada ya wuce taku ɗaya da rabi, wajen santimita 45. Fis ɗin jikin amfilifaya kanta yake karewa, ba ya kare doguwar wayar da ta ratso ƙarƙashin kafet. Na taɓa karɓar wata Golf da aka zaro wayar ta ramin ƙarfe ba roba, ba fis. Ƙarfen ya yi ta cin rigar wayar har ranar da ya kai ga tsakiya. Mai motar ya ce hayaƙi kawai ya gani daga ƙarƙashin ƙafarsa, Allah Ya sa akwai masu wankin mota kusa. Kafet ɗin ya narke ya manne da bodi, sai da muka sa paranti muka kankare. Sannan wayar kanta: akwai ta jan ƙarfe zalla, akwai alminiyon da aka yi wa wankan jan ƙarfe. Ka kankara bakinta da wuƙa, in ka ga fari a ciki to ita ce. Ba ta da nauyi a hannu, tana zafi da wuri, kuma tana yin gari a wajen ɗauri. Mu ma mun san bambancin, masu mota ne in ka faɗi kuɗin ta gaskiya sai su ce za ka cuce su.

Direban Sharon: Oga, wani siririn fito da nake ji yana hawa yana sauka tare da totur fa?

Ɗan Rewaya: Kukan altaneta ne ya shiga layin sauti. Ko at ɗinka bai zauna ba, ko an kwantar da wayar sauti jere da ta wuta. A raba su, ɗaya ta bi dama ɗaya ta bi hagu. Ka ga matsalarka biyu duk at suke nunawa, ka kawo ta kawai a duba.

Dattijon Gida: Na karanta duka ban ce komai ba. Ni dai nasiha ɗaya gare ku samari. Kunne ba shi da sifiya a Ƙofar Ruwa. Sannan in za ku wuce masallaci ko asibiti ko gidan rasuwa, ku rage. Kwanan baya muna zaman makoki wani ya wuce, tabarma har rawa take.

Sarkin Bes: Baba in dai a Ɗorayi ne ba ni ba ne, ranar ina Wudil.

Dattijon Gida: Ban faɗi unguwa ba ai, ɗana.

Baban Khalifa: Jama'a na dawo da rahoto, yau kwana tara. Na samu wani mai rewaya na tsaya a kansa daga safe har la'asar. Da aka buɗe ƙofar dama, soson sifikar ya zama gari, taɓawa ɗaya ya zubo a tafin hannuna kamar tsohon burodi. Ta hagu kuwa abin dariya: ashe wanda ya riƙe motar kafin ni ya taɓa canza ta, ya sa wata ƙarama da ba ta cika ramin ba, sukuru biyu kawai ke riƙe da ita, gefe a buɗe har yatsana yana shiga. Mai aikin ya ɗauko ƙaramin batirin tocila ya taɓa wa wayoyin, ya nuna min tana shiga ciki maimakon ta fito waje. Wai an juya mata waya, ɗaya na turawa ɗaya na ja, suna kashe wa juna bes. Shekara huɗu ina yawo da haka.

Na sa rediyo marar allo da soket ɗinsa, ba a yanke ko waya ɗaya ba. Na sa sifikun gaba masu twita. Ta kamfanin da ƙusar rifit aka kafe ta, sai da aka huda. Ya so ya yanka min zoben katako, na ce roba nake so don ruwan damina yana bin gilashi ya sauka cikin ƙofa. Mun manna baƙar takardar nan mai danƙo ta hana gwangwani kuka a bayan sifika da tsakiyar ƙofa, yanzu in ka ƙwanƙwasa "dum" take yi, da kuwa "kwal". Jiya na je Kaduna na dawo, murya a 18 na ji tafsiri tun daga Na'ibawa har Kawo ban ƙara ba. Kuɗi ma sun yi saura.

Malamin Lantarki: Madalla. Takardar dai ina fatan mai roba ce ba mai kwalta ba, don mai kwalta in zafi ya yi tana wari tana zamewa. Saura ka duba abin da ke cikin wayarka. Karatun da ya bi ta WhatsApp hannu goma an matse shi ya gaji, yanzu da sifikun suka gyaru za ka fara jin aibinsa.

Baban Khalifa: Mai roba ce, na sa wuta a gefenta na shinshina kafin in biya. Maganar fayil kuwa har na gani, wasu karatun kamar a cikin rijiya aka ɗauka, da ban taɓa lura ba.

Sarkin Bes: Canjin da ya rage nawa ne? Akwai wata inci 8 ta ƙarƙashin kujera a hannun wani yarona.

Baban Khalifa: Uwargida ta riga ka, an sayi gas. Amma Oga Ɗan Rewaya, yanzu da gaba ta yi shiru sai na fara jin wani "kar-kar" daga baya in an buga ganga. Sifikun bayan ne suka mutu su ma?

Ɗan Rewaya: Kafin ka kwance komai, sa Khalifa ya dafe lambar motar da hannu ka kunna ka ji. In ya daina, soso kaɗan za ka cusa a bayanta ka ƙara ɗaure notin.